Hukuncin Labarin Tsoro A Zamanin Wayar Salula

Akwai wata nasiha da ta zama ruwan dare a bakin masu wa'azi tun da wayar salula ta shiga aljihun kowa, watau kada mutum ya tura labari sai ya tabbatar da shi. Nasiha ce mai kyau, ba mu kuwa da ja a kanta. Amma wanda ya faɗe ta a cikin birnin Katsina, ƙofarsa a kulle, ba daidai yake da wanda ya ji ta a wani ƙauye na ƙasar Batsari ko Safana ba, inda gonar mutum take iyaka da dajin Rugu. A can, idan saƙon murya ya shigo da tsakar dare cewa an ga babura sun fito daga daji sun nufo gari, ba wanda zai ce wa magidanci ya dakata ya yi bincike. Idan labarin gaskiya ne, kafin ya gama binciken an riga an kewaye su. Idan kuwa ƙarya ce ya tura, to, ya kori tsofaffi da masu ciki da jarirai cikin duhu, wani ya karye, wata ta yi ɓari, a kan abin da bai faru ba. Tambayarmu ke nan ta wannan mako: mene ne wajibin mutumin da labarin tsoro ya faɗo hannunsa, alhali shirunsa yana iya jawo asarar rai, maganarsa ma haka?

Malamai ba su yanke hukunci a kan abin da ba su san siffarsa ba, saboda haka bari mu fara bin sawun saƙon kansa. Idan mutum a Runka ya danna waya ya yi magana a WhatsApp, wayar takan juya muryarsa ta koma lambobi, sa'an nan ta yanyanka su ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli nauyinsa bai wuce na harafi 1,500 ba ko kusa da haka. Ƙullin nan sukan tashi ta iska zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, daga nan a miƙa su cibiyar kamfanin waya, su shiga igiyar da aka binne a ƙasa, wadda cikinta zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, haske ne ke gudu a cikinsa. Sau da yawa sai sun dangana da Legas sun bi igiyoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 waɗanda suka fara aiki a 2010, su kai ga manyan kwamfutocin kamfanin, kana su juyo su sauka a wayar ɗan'uwansa da ke Wagini, duk kafin ya mayar da wayar aljihu. Wanda yake shakkar tafiyar nan ta teku, sai ya tuna da watan Maris na 2024, lokacin da wasu igiyoyi suka tsinke a tekun Afirka ta Yamma, intanet ta yi ta ɗingishi a Nijeriya da maƙwabtanta, har aikin wasu bankuna ya tsaya cik.

Abin ya yi kama da fataucin kakanninmu, inda ake raba kaya a kan jakuna da yawa, ayari ya yi ta sauka zango-zango. Bambancin kawai shi ne a nan babu madugu. Kowane ƙulli shi ke ɗauke da takardarsa a goshi, an rubuta inda ya fito, da inda za shi. Akwai lambarsa a cikin jeri, domin in sun iso a hargitse a iya shirya su, in ɗaya ya ɓace a nemi a sake aiko shi. Akwai wani ɗan lissafi da ake dubawa a gane ko ya lalace a hanya. Abin da ya fi ba ni sha'awa kuwa shi ne an ƙayyade masa yawan zangon da zai yi, galibi 64. Duk tashar da ya ratsa sai ta rage ɗaya, in lambar ta ƙare bai isa ba, sai a jefar da shi, don kada ya dawwama yana yawo a duniya yana tare wa wasu hanya. Da wannan ladabi ne intanet take tsaye. Na'urar ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba, gaisuwar uwa da saƙon ɗan leƙen asirin ɓarayi duk ɗaya ne a wurinta, amma ƙullin da ba shi da mafita da makoma da wa'adi ba shi da wurin zama a cikinta.

To, dubi abin da mu 'yan Adam muke yi da saƙon bayan na'ura ta kawo shi lafiya. Mukan tuɓe masa duk waɗannan. Wanda ya ga babura da idonsa ya gaya wa ƙanensa, ƙanen ya jefa a zauren 'yan garinsu, wani ya ɗauka ya jefa a zauren 'yan kasuwa, kafin asuba saƙon yana Kano da Legas da wurin 'yan ci-rani, murya ce kawai tana haki, ba sunan mai ita, ba sunan gari, ba rana. Bayan wata uku sai ya sake kewayowa kamar sabo, wani ƙauyen da ba shi ake nufi ba ya watse. Shi labarin tsoro ba a yanka masa zango 64 ba. A 2018 BBC ta bi diddigin hotunan da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Jihar Filato, ta tarar wani bidiyon kisa da ya tunzura mutane daga ƙasar Kwango ya fito, kuma ya girmi rikicin da shekaru. A shekarar nan dai, bayan jita-jitar satar yara ta sa an kashe bayin Allah a Indiya, WhatsApp ya fara liƙa wa saƙo alamar cewa turo shi aka yi, ya kuma taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya game duniya da wannan a 2019. An yi ƙoƙari. Sai dai alamar ba ta faɗin wanda ya fara, ba ta faɗin ranar da aka fara, ta dai ce maka ba mai turowar ne ya ƙago ba.

Mu kuwa al'umma ce da ta gaji ilmi guda cur a kan wannan matsala. Malaman Hadisi sun ƙare rayuwarsu suna tambayar wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, sun taɓa haɗuwa kuwa? Har sun bambanta lafazin wanda ya ji da kunnensa da na wanda aka karanta a gabansa. Imam Malik, Allah ya jiƙansa, a wurare da dama cikin Muwaɗɗa ya nuna a fili cewa labari ne ya iso masa, bai kuma ƙirƙiro masa sarƙar da ba shi da ita ba, bai kuma ɓoye shi ba. Wannan ita ce hanya ta uku da masu nasiharmu suke mantawa, tsakanin tura komai da danne komai, watau a faɗi labari tare da nauyinsa. Hausa ma ta tanadar mana kalmar, ƙarama ce, harafi uku: wai. Da kakanninmu suka ce gani ya kori ji, sun san darajarsu ba ɗaya ba ce. Laifin da ake yi a waya mafi yawa ba ƙaga ƙarya ba ne daga tushe, a'a, zubar da "wai" ne a hanya, har abin da aka ji ya wayi gari an gan shi.

Saboda haka, a ganina, magidancin nan na bakin daji ba a ɗora masa tabbatarwa ba, domin ba a kallafa wa rai abin da ba ya iyawa. Abin da aka ɗora masa shi ne kada ya ƙara wa labarin nauyin da bai zo da shi ba. Ya faɗi sunansa ko na garinsu gwargwadon yadda ba zai jefa kansa cikin haɗari ba, ya faɗi daren da ake ciki da lokacin, ya ce ni na gani, ko ya ce wane ne ya kira ni, ko ya ce turo mini aka yi ban san mafarinsa ba. Wannan bai kai numfashi biyu ba. Mai saurare kuwa zai san ko takalmi zai ɗaura, ko kunne kawai zai buɗe. Idan babura uku aka gani, kada a ce ɗari, ko da niyyar a zaburar da mutane, domin wanda aka kora sau uku a banza, ran na huɗu kwanciyarsa zai yi.

Akwai kuma wani rabe da ya wajaba a yi, wanda rashinsa ya ci rayuka a yankunan nan. Gargaɗi a kan hanya daban, ambaton mutum daban. Wanda ya ce kada a bi hanya kaza yau, in ya yi kuskure, asarar ita ce kasuwa ɗaya ta wuce. Wanda ya ce wane infoma ne, shi ke kai wa 'yan bindiga rahoto, ko ya ce mutanen ruga kaza da su aka zo, in ya yi kuskure, jini ne, kuma magana zarar bunu ce. Na farko ana iya yinsa da zato mai ƙarfi. Na biyu ba ya halatta da zato ko kaɗan, ba kuma zauren waya ne wurinsa ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurati, wadda ta yi umurni da bincikar labari, ta bayyana dalili, shi ne gudun a afka wa mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Malaman tafsiri da yawa sun kawo cewa ta sauka ne a kan jakadan da aka aika karɓar zakka wurin Banu Musɗalik, suka fito tarbarsa, ya zaci yaƙi suka fito, ya juya ya kai labari. Lura da kyau, tsoro ne ya haifi wannan labari. Mai tsoro yana iya zama mai gaskiya a zuciyarsa, idonsa ne ya yi masa ƙarya.

Hukuma ma ta taɓa ba da tata amsar. A farkon Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umurci kamfanoni su rufe layuka a Jihar Zamfara. Ba a yi nisa ba, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe na ƙananan hukumomi 13 daga cikin 34 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara, kuma ba a fara mayar da su ba sai a watan Disamba. Hujjar ba ta banza ba ce: da waya ɓarayin daji suke jin motsin soja, da ita suke cinikin kuɗin fansa. Amma ƙarfen sabis, kamar yadda muka gani, makaho ne in yana aiki, makaho ne kuma in an kashe shi. Yadda ya toshe bakin infoma, haka ya toshe bakin wanda ya ga babura zai gargaɗi maƙwabta, da wanda zai kira jami'an tsaro, da mai naƙuda da ke neman mota. Masu POS suka naɗe tabarma, ɗa a Legas ya rasa ta inda zai aiko wa tsohuwarsa kuɗin hatsi, mutum ya biya kuɗin mota zuwa Katsina don kawai ya ji muryar nasa. Ba zan ce waɗanda suka yanke shawarar mugunta suka nufa ba. Na dai ce magani ne na kan mai uwa da wabi, kuma wanda ya fi kowa rauni shi ya fi kowa ɗanɗanarsa. Jita-jita kuwa ba ta mutu ba a watannin nan, ta koma baki da baki ne a tasha, inda ba ma wanda za a kira a tambaya.

Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi masu watsa labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, ta nuna da sun mayar da shi ga Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ma'abuta al'amari, da masu iya tace shi sun san haƙiƙaninsa. Ana yawan karanta wa talakawa rabin farko. Rabi na biyu kuwa nauyi ne a wuyan shugabanni, domin ba a mayar da abu ga wanda ba a samu. Idan mai unguwa da dagaci da hakimi da jami'in tsaro suna da lambar da ake ɗauka da ƙarfe biyun dare, kuma in an kira a ga an motsa, ba wanda zai fara jefa kukansa a zauren mutum ɗari biyu. Idan aka kira aka ji shiru, sau ɗaya, sau biyu, to, wanda ya ƙi ɗaukar wayar yana da kaso a cikin kowace jita-jita da ta biyo baya. A da, sankira ba ya buɗe baki a kasuwa sai ya fara faɗin wanda ya aiko shi, shi ya sa ake tsayawa a saurara. Sarakunanmu, tun daga Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana har zuwa ƙaramin mai unguwa, suna da abin da kamfanin waya ba shi da shi, watau sun san muryoyin mutanensu, sun san mai zuƙi-ta-malle, sun san wanda bai taɓa cewa ya gani ba sai ya gani.

Saura abu guda da ban cika jin ana ambata ba. Tunda labarin tsoro ba shi da wa'adin da zai mutu da kansa, wanda ya sake shi ne ya kamata ya bi shi ya kashe. Wanda ya tura "ga su nan" da dare, bashi ne a kansa da safe ya tura cewa sun wuce, ko ya ce ashe 'yan banga ne ke sintiri, kuma ta duk ƙofofin da ya tura na farko, har da zauren 'yan ci-rani, inda wani ya kwana bai runtsa ba yana kiran lambar mahaifiyarsa. Wannan saƙo na biyu tafiyar hawainiya yake yi, don babu tsoro a bayansa da zai kora shi, mutum biyar suka tura na dare, da ƙyar ɗaya zai tura na safe.