Sunan mai aiki a jikin aikin sa: Riya ce ko haƙƙi?

Duk wanda ya taɓa shiga zauren da masu zane da masu aikin hannu su ka baje kolin ayyukan su, zai lura da wani ɗan ƙaramin abu. A gefen kowane zane da aka rataye, ko tukunya, ko faifai, akwai 'yar takarda mai ɗauke da sunan wanda ya yi shi. Wannan 'yar takarda ita ce abin tattaunawar mu a wannan wata. Wai shin daidai ne mutum ya fito da aikin sa bainar jama'a, ya liƙa sunan sa a jiki don kowa ya gani? Ko kuwa nuna kai ne kawai?

Tambayar ba ta wasa ba ce, domin mu dai an tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici. Mu ne mu ke cewa yabon kai jahilci. Je ka Kasuwar Kurmi ka sayi babbar riga mai aska takwas. Wani bawan Allah ya shafe watanni ya na duƙe a kan ta da allura har idanun sa su ka yi ja, amma ba za ka ji sunan sa ba, kai ma ba za ka tambaya ba. Haka turkuɗin da ya fito daga marinar Ƙofar Mata, haka zanen da ke jikin tsofaffin gidajen Zariya da na unguwar Birni a Damagaram. Kayan da aka adana a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, nawa ne daga ciki mu ka san hannun da ya yi su? Wasu za su ce ai wannan shi ne tawali'u, a yi aiki don Allah a wuce.

To, amma mai karatu, wa ke cin ribar wannan shirun? Ƙarni da ƙarni fatake su na ɗaukar jar fatar akuyar da majeman Kano da Sakkwato su ka jeme, su keta Sahara da ita. Da ta isa Turai sai aka raɗa mata suna "fatar Maroko". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yau ma haka abin ya ke. Matar da ta saƙa faifai a ƙauye an ba ta abin da bai kai ya kawo ba, dillali ya kai birni ya ninka kuɗin, kuma ba wanda zai iya neman ta kai-tsaye tunda ba a san ta ba. Idan an ɓoye sunan mai aiki, to an sauƙaƙa wa mai cutar sa ke nan.

Dubi Ladi Kwali. Mata da yawa a ƙasar Gwari sun iya ginin tukwane kamar yadda ta koya tun ta na yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja. Aka nuna tukwanen ta a Landan da sunan ta a jiki, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma bayan rasuwar ta a 1984 hoton ta ya hau kan takardar naira ashirin. Sunan nan bai rage mata mutunci ba. Hasali ma shi ya sa duniya ta waiwayi sana'ar sauran matan.

Ku 'yan fim da marubuta kun fi kowa sanin zafin abin. Marubuciya ta yi wahalar littafi, sai ta ga labarin ta a faifai, an jera sunaye tun daga furodusa har mai dafa abinci, nata babu. Akwai wanda zai ce mata ta yi haƙuri, wai neman suna riya ce? Kuma suna ba ado kaɗai ba ne, nauyi ne. Wanda ya sa sunan sa a jikin aiki ya yarda a kama shi idan ya yi algus ko ya saci fasahar wani.

Sai dai kada mu ce babu haɗari. Riya a zuciya ta ke, kuma zauren baje-koli na iya ciyar da ita. Da zarar mai zane ya gano abin da baƙi masu kuɗi ke so, sai ka ga ya daina kallon unguwar su. Kullum dokin hawan sallah, kullum 'yar Fulani da ƙwaryar nono, kamar ba mu da layin ɗiban ruwa, ba mu da tashar mota, ba mu da 'yan gudun hijira. A nan an sayar da gaskiya don a sayi tafi. Tun a 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, su ka kafa ƙungiya don ƙin kwaikwayon Turawa ido rufe, su ka koma ga abin da su ka gada a gida. Wannan darasi bai tsufa ba.

Haɗari na biyu ya na kan masu shirya taron. Idan an ce zaure na al'umma ne, amma sai mai digiri kaɗai a ke rataye wa aiki, aka bar mai ɗinkin hula da baduku da maƙeri a waje, to an maimaita zaluncin da aka ce za a gyara. Haka in an rubuta bayanin da harshen da maƙwabtan zauren ba su ji.

Saboda haka sa suna haƙƙi ne, ya na zama riya ne kawai in mai aikin ya fi son a kalle shi fiye da a kalli aikin. Masu shirya baje-koli su buɗe ƙofa ga kowane mai sana'a, su rubuta sunan sa da garin sa da Hausa, boko da ajami, su kuma tabbatar kuɗin ciniki ya shiga hannun sa. Kai kuma mai saye, in ka ga rigar da ta burge ka, daure ka tambayi wanda ya ɗinka ta. Allah ya ba kowa halaliyar sa.