Nahawun Ko-in-Kula

Masana nahawun Ingilishi sun daɗe suna jayayya a kan wata magana da Turawa kan yi don nuna halin ko-in-kula. Mutanen Ingila kan ce "I couldn't care less", wato damuwarsu ta ƙare ƙurmus, babu sauran abin da zai ragu. Amurkawa da yawa kuwa sun yar da kalmar korewa, sai su ce "I could care less". A ma'aunin hankali ta farko ce daidai, domin ta biyu tana nuna akwai ragowar damuwa. Ita ce kuma ya kamata ɗalibi ya rubuta.

Sai dai mu Hausawa bai kamata mu yi wa Amurkawa dariya ba. Muna cewa "ba ruwana" da korewarta a fili, muna kuma cewa "ko a jikina", wadda babu "ba" a cikinta, amma kowa ya san abin da ake nufi. Ashe al'ada kan rinjayi ƙa'ida.

Tambayar da ta fi nahawu nauyi ita ce: yaushe ne mutum yake da ikon furta wannan magana? "Ba ruwana" iri biyu ce. Akwai ta kamun kai, wadda ke hana mu tsoma baki cikin sirrin maƙwabci. Akwai kuma ta gudun nauyi, wadda ke kawar da idonmu daga wahalarsa.

Abuja ta ga bambancin. Ranar 14 ga Afrilu, 2014, bom ya tashi a tashar motar Nyanya, ya kashe mutane fiye da 70, galibinsu masu sammakon shiga birni neman abinci. A daren ranar aka sace 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok. Daga ƙarshen watan, mutane suka riƙa taruwa kullum a dandalin Unity Fountain suna neman a dawo da yaran, alhali da yawansu ba su haɗa dangi da kowa a Chibok ba. Da sun ce "ba ruwanmu", babu malamin nahawun da zai kama su da kuskure.

Magabata sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Saboda haka idan muka gyara wa ɗalibi jimlarsa, mu kuma tambaye shi a kan wa ya faɗe ta.