Ado, Sayen Tufa Da Burin Gida: Ina Iyakar Musulmi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya suturta ɗan Adam, Ya ba shi inuwar da zai fake. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya ratsa kasuwar Kantin Kwari ta Kano a goman ƙarshe na watan azumi zai ga yadda son ado ya ke a zukatan mutane. Ga atamfa da leshi da shadda an jera har rufi. Mata suna warware turmi suna duban zanensa, magidanta suna taya, teloli kuwa sun yi sallama da barci. Haka nan da wuya a sami mai aure, namiji ko mace, wanda bai taɓa kwanciya yana zana gidan da ya ke buri a zuciyarsa ba. To, mene ne matsayin wannan jin daɗi a Musulunci? Waɗansu sun tsananta har sun mai da tsumma alamar tsoron Allah. Waɗansu kuma sun sake har tufa ta zama ita ce ma'aunin mutum. Shari'a ba ta tare da ko ɗaya daga cikinsu.

Da farko dai, asalin ado halal ne. A cikin Suratul A'araf, aya ta 31, Allah Maɗaukakin Sarki Ya umurci 'yan Adam da su riƙi adonsu a kowane wurin salla, su ci su sha, amma kada su yi ɓarna. A aya ta 32 kuma Ya yi inkari ga wanda ya haramta ƙawar da Ya fitar domin bayinSa. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa dalilin saukar wannan umurni shi ne al'adar Larabawan jahiliyya ta yin ɗawafi tsirara. Watau tun farko Musulunci ya zo ne da sutura da tsabta da kyan gani.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi cewa mai ƙwayar zarra ta girman kai a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Sai wani mutum ya ce shi fa yana son rigarsa da takalminsa su yi kyau. Annabi ya kwantar masa da hankali, ya sanar da shi cewa Allah Mai kyau ne kuma Yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, an san shi da sa tufafi masu kyau, kuma ba ya zama karantar da hadisi sai ya yi alwala ya shafa turare. 

Ga mata kuwa abin ya fi faɗi. An halatta musu zinariya da alharini, alhali an haramta su ga maza. A mazhabar Malikiyya ma babu zakka a kan zinariyar da mace ta mallaka domin ado, sai fa in an aje ta domin ciniki ko tanadi. Saboda haka lalle da kwalli da kitso da humra da turaren wuta duk abin lada ne ga matar da ta yi su domin mijinta, muddin ta kiyaye iyakar da Suratun Nur ta sa a aya ta 31 game da waɗanda a ke bayyana wa ado. Maza su ma ba a ɗauke musu ba. An ruwaito cewa Ibn Abbas yakan yi wa matarsa ado kamar yadda ya ke so ta yi masa, yana kafa hujja da aya ta 228 ta Suratul Baƙara. Magidancin da ke fita da babbar riga mai sheƙi, ya dawo gida ya zauna da ƙazamar singileti, ya tauye wani haƙƙi ko bai sani ba.

To, ina ɓarnar ta ke shigowa? Tana shigowa ne ranar da ado ya tashi daga godiyar Allah ya koma neman idon mutane. Alkur'ani ya ba da labarin Ƙaruna a Suratul Ƙasas, daga aya ta 76 zuwa ta 82. Ya fito wa mutanensa cikin ƙawarsa, sai masu son rayuwar duniya suka yi burin ina ma su ne. Masu ilmi suka tsawata musu. Daga baya Allah Ya sa ƙasa ta haɗiye shi, shi da gidansa. Abin lura a nan shi ne, ayoyin ba su tsaya ga mai fitowa kaɗai ba, har da masu kallo. Cuta biyu ce, ta mai nunawa da ta mai hange, kowace tana ciyar da 'yar'uwarta.

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi wajen shekara ta 1807 da niyyar tafiya gabas, saboda ya ga son mulki da dawaki da tufafin alfarma ya fara shiga zukatan waɗansu daga cikin jama'a, sai mutanen Kano suka tsai da shi. A shekara ta 1975, da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, dattawa suna tuna yadda kasuwanni suka cika, kaya suka yi tsada, jeren ɗakin amarya ya fara zama abin gasa. Abin da ya ƙaru a yau shi ne wayar hannu. A da mace ba ta ganin ɗakin kowa sai na maƙwabta da dangi. Yanzu kuwa kafin ta yi sallar walaha ta ga ɗakin amare goma a Instagram da TikTok, ta ga labule da kujeru da akwatunan lefe, ba ta san na aro ne ko na haya ko na bashi ba. Sai ta ɗaga kai ta dubi ɗakinta, wanda jiya ta ke jin daɗinsa, ta ga ya zame mata kango. Babu abin da ya ragu a ɗakin, godiya ce ta ragu a zuciya.

Maganin wannan yana cikin hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, inda Annabi ya yi umurni da a riƙa duban na ƙasa a sha'anin duniya, kada a dubi na sama, domin haka ya fi kusa da hana mutum raina ni'imar Allah a kansa. Ga masu nuna abin da ba nasu ba kuma, akwai hadisin Asma'u 'yar Abubakar a Buhari da Muslim. Wata mata ta tambaya ko akwai laifi ta nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Annabi ya kamanta mai yin haka da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Hausawa ma sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Babban abin da idon mutane ke haifarwa shi ne bashi. A shekara ta 2024 aka tsai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya a kan Naira 70,000, a ƙarshen shekarar kuma hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Duk da haka al'adun biki ba su sassauta ba. Saurayi yana da sana'a da hali na gari, amma shekaru suna wucewa bai yi aure ba domin bai haɗa akwatuna ba. Uba yana sayar da gonar da ke ciyar da gidan domin gado da kujeru. Mace tana cin bashin adashi domin anko na yini ɗaya, wanda in ba ta yi ba za a ce ba ta ƙaunar amarya. Alhali kuwa sadaki shi ne wajibi, lefe al'ada ce. Annabi ya ce wa wani sahabi matalauci ya nemo ko da zoben ƙarfe ne, da bai samu ba ya aurar masa da matar a kan abin da ya haddace na Alkur'ani. Kayan ɗakin Nana Faɗima, shugabar matan Aljanna, mayafi ne da salkar ruwa da matashin kai na fata. Kyauta ga amarya abu ne mai kyau ga wanda Allah Ya hore wa. Amma al'adar da ta toshe ƙofar halal, lalle ne ta buɗe wata ƙofar, kowa kuwa ya san wace ce.

Mutane sukan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne shari'a ta halatta shi, har aya mafi tsawo a Alkur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta shi ta sauka. Sai dai ba abin wasa ba ne. Buhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, Annabi ya ƙi yi mata salla saboda bashin da ke kanta, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi kome ban da bashi. Ba a raba gado sai an biya shi. Wanda ya ci bashi domin magani ko abinci yana da uzuri. Wanda ya ci domin a ce shaddarsa ta fi ta wane, me zai faɗa? Ma'aunin yana cikin Suratul Furƙan, aya ta 67, inda aka yabi bayin Allah da cewa in za su kashe dukiya ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro, a tsakani su ke tsayawa. Tsakanin nan kuwa ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Abin da ya ke daidai ga attajiri ɓarna ne ga leburansa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Sa'an nan batun gida. Shi ma burinsa ba laifi ba ne. Suratun Nahl, aya ta 80, ta lissafa gidaje cikin ni'imomin Allah, ta kira su wurin natsuwa. Ibn Hibban ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa abu huɗu suna cikin jin daɗin rayuwa: mace ta gari, da gida mai yalwa, da maƙwabci na gari, da abin hawa mai daɗi. Saboda haka mai tara kuɗin bulo da siminti daga guminsa domin ya fid da iyalinsa daga haya yana kan aikin lada. Sai dai ya kiyaye abu biyu. Na ɗaya, kada ya ci hanya ko magudanar ruwa ko iyakar maƙwabci, domin ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya zalunci taƙi ɗaya na ƙasa za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai. Na biyu, kada benensa ya tona asirin wani. Malaman Malikiyya sun hana buɗe tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci. Magabata a ƙasar nan sun gane wannan, shi ya sa suka yi zaure, inda baƙo ke sauka, yara ke karatun allo, iyali kuma suna ciki a suturce.

Amma gidan da ba shi da aibi, wannan ba a gina shi a duniya. Ɗakin Nana A'isha, in Annabi zai yi sujada da dare sai ta janye ƙafafunta saboda ƙunci. Hasanul Basari ya ba da labarin cewa yana yaro yakan taɓa rufin ɗakunan matan Annabi da hannunsa. Daga waɗannan ɗakuna ne haske ya cika duniya. Matar Fir'auna kuwa tana cikin fadar da ba ta da na biyu a zamaninta, amma Suratut Tahrim, aya ta 11, ta nuna tana roƙon Allah Ya gina mata gida a wurinSa a cikin Aljanna. Malaman tafsiri sun lura cewa ta ambaci maƙwabtaka kafin ta ambaci gidan. Da aka yi wa Nana Hadiza bushara da gida a Aljanna, an siffanta shi da cewa babu hayaniya a ciki kuma babu wahala. Waɗannan biyun su ne abin da magini ba ya iya fitarwa daga gida. Sau nawa aka ga gida mai fenti da fanka da kujerun alfarma, amma miji yana jinkirin komawa cikinsa saboda faɗa? Sau nawa kuma aka ga ɗaki ɗaya da tabarma, dariya tana tashi daga ciki?

An kuwa faɗi kuɗin wancan gida, kuma bai fi ƙarfin talaka ba. Muslim ya ruwaito daga Ummu Habiba cewa wanda ya yi nafila raka'a 12 a yini da dare za a gina masa gida a Aljanna. Abu Dawuda ya ruwaito lamunin gida ga wanda ya bar jayayya ko da shi ke da gaskiya, da wanda ya bar ƙarya ko da cikin wasa, da wanda ya kyautata halinsa.

Saboda haka Musulmi ya shiga kasuwa da farin ciki, ya zaɓi launin da ransa ke so, ya gyara ɗakinsa, ya yi burin gidansa. Kafin ya miƙa kuɗi dai ya tambayi kansa: daga ina kuɗin nan suka fito, haƙƙin wa za su tauye, kuma domin idon wa za a sa kayan? In amsar ta yi kyau, ya sa tufarsa ya yi hamdala, ya ba mabukaci tsohuwar tun tana da sauran amfani. In kuwa amsar ta sa shi sunkuyar da kai, to, ya mai da kuɗinsa aljihu, domin rigar da aka biya ta fi wadda a ke ɓuya wa mai ita daɗin sawa.

Allah Ya suturta Musulmi duniya da lahira, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sauƙaƙa wa matasa aure, Ya azurta marasa muhalli da muhalli mai albarka. Amin.