Kurkukun da Ya Zama Abin Alfahari

A garin Haidelbag, cikin ƙasar Jamus, akwai wata tsohuwar jami'a da aka kafa a shekara ta 1386. A bayan tsohon gininta akwai waɗansu ƙananan ɗakuna masu sandunan ƙarfe a taga. Kurkukun ɗalibai ke nan. A ƙarni na 19 jami'a tana da ikon hukunta ɗalibanta. Saboda haka in ɗalibi ya yi ƙaramin laifi cikin gari, ba a kai shi gaban alƙalin gari, sai a miƙa shi ga hukumar jami'a. An yi amfani da ɗakunan nan har 1914.

Laifofin kuwa su ne buguwa, da ihu da tsakar dare, da fasa fitilun titi, da zagin 'yan sanda, da sakin aladun mutane a kora su cikin gari. Ɗaurin yakan kama daga kwana 1 zuwa mako 4. Kwanakin farko gurasa da ruwa kaɗai ake ba mutum, daga baya sai a bari a kawo masa abinci daga waje, har da giya. Yana da izinin fita ya ji darasi ya komo. Marubucin nan na Amurka, Mark Twain, ya ba da labari cikin littafinsa na 1880 cewa ɗalibi yakan zaɓi ranar da ta yi masa daɗi ya shiga.

Mene ne ya biyo baya? Ɗaurin ya zama abin alfahari. Samari suka cika bango da sunayensu da zanen fuskokinsu, da fenti da baƙin hayaƙin kyandir, domin na baya su san sun kwana a wurin. Zanen yana nan har yau, baƙi suna zuwa kallo. Wanda ya gama karatu bai taɓa shiga ba, abokansa sukan ga kamar bai cika namiji ba.

To, ya mai karatu, wannan horo ne? Kada mu yi saurin cewa banza ne duka. Malaman sun yi tunani mai kyau da ba su haɗa yaro mai ƙuruciya da 'yan fashi a ɗaki guda ba. Wautar dare ɗaya ba ta isa ta lalata ran mutum duka ba, tausayi kuwa ya dace da babba.

Amma akwai wanda aka manta da shi. Ina mai aladen da ya kwana yana neman dabbarsa? Ina tsohuwar da aka hana ta barci? Bangon nan yana ɗauke da sunayen masu laifi, waɗanda aka cuta kuwa ba a san su ba. Ɗalibin ya biya jami'a da kwanakinsa, sa'an nan ya fito ana yi masa tafi. Abin da ya koya shi ne, dokar mai ilimi daban take da ta talaka. Daga cikin irin waɗannan samari ne aka sami alƙalai da manyan ma'aikatan gwamnati.

Hausawa suna cewa, tsoro na daji, kunya na gida. A kurkukun nan babu tsoro, gama ɗaurin mai sauƙi ne, kunya kuma abokai sun wanke ta da dariya. Ƙofa a kulle ba ta sa mutum ya tuba. Abin da ke sa shi tuba shi ne ya tsaya gaban wanda ya ɓata wa, ya dubi idonsa, ya roƙi gafara, ya kuma biya abin da ya fasa.

Kai uba, kai malami, in ɗanka ko ɗalibinka ya yi ɓarna, kada ka tsaya ga lissafin bulala ko kwanakin kora. Kama hannunsa ka kai shi ƙofar gidan wanda ya cuta. Wannan tafiya ta fi mako huɗu nauyi, ba kuwa wanda zai rubuta ta a bango.