Kallon Taurari: Ilimi Ne Ko Duba?

A Dutse Alhaji, daren da aka ɗauke wuta, sararin sama yakan fito tangaran a bisa duwatsun da suka kewaye unguwar. Yara sukan ɗaga kai su tambayi sunayen taurari, wasu iyaye kuwa sukan kwaɓe su, don tsoron kada abin ya kai su ga duba. Shin wannan tsoro yana bisa hanya?

Lalle Littafi Mai Tsarki ya yi gargaɗi. Maimaitawar Shari'a 4:19 ta hana yi wa rana da wata da taurari sujada, Ishaya 47:13 kuma ya nuna cewa masanan taurari na Babila ba su iya ceton kowa ba. Amma Allahn da ya hana wannan, shi ne ya fito da Ibrahim waje da dare ya nuna masa taurari (Farawa 15:5). Ashe laifin yana cikin abin da zuciya take nema. Mai duba yana so tauraro ya gaya masa sa'arsa, mai bi kuwa yana duban aikin hannu domin ya girmama Mai aikin.

Mai koyo ba ya bukatar na'ura. Ya nemi wuri mai duhu, a daren da babu farin wata ko hazo, ya ba idonsa kamar minti 20 ya saba. Abin da yake ƙyaftawa tauraro ne. Wanda haskensa ya tsaya cak, galibi duniya ce mai kewaya rana kamar tamu. A watan Disamba, bayan magariba, Kaza da 'Ya'yanta takan bayyana a gabas, ita ce wadda aka ambata a Ayuba 38:31. Hasken da ido yake gani daga gare ta ya yi shekara fiye da 400 yana tafe.

Zara kuwa, wadda ake yi wa kirari da matar wata, ita ce dai Gamzaki na asuba. Duk da ta fi kowane tauraro haske, ba ta da hasken kanta. Na rana take maidowa. Abin da yake rayuwa da hasken aro, yaya zai yanke wa ɗan Adam rabonsa?

Uban da ya hana ɗansa kallon sama ya bar wa boka da shafin sa'a na jarida su ba shi amsa. Wanda ya zauna da shi a tabarma ya nuna masa Zara, ya koya masa sunan halitta da sunan Mahalicci a dare ɗaya.