Abin da Inji Ke Haɗiyewa

Hilux ce mai shan gas, ta wani ɗan kasuwar hatsi da ke bin ƙauyukan Kuyello da Dogon Dawa sayen masara. Ya kawo ta garejina a nan Birnin Gwari yana kukan ta daina ja, in ta kama hawa sai nishi da baƙin hayaƙi. Na kwance bututun da ke kai iska cikin inji, na zura yatsa. Abin da ya biyo yatsan kamar kwaltar da ta sha ranar bazara, ga danƙo ga ƙauri. Ramin da ya kamata ya ɗauki yatsu uku ya tsuke, ɗaya ma da ƙyar yake shiga. Yini biyu muka yi ni da yarona muna kankarewa da fetur da waya.

Mai motar ya ɗauka ƙurar daji ce. Na nuna masa matatar iskar, lafiyarta ƙalau. Dattin nan daga cikin injin ya fito, ya zagayo ya koma masa ta baki.

Ga yadda abin yake. Kowane inji, ko jiya aka fito da shi daga kamfani, idan wuta ta tashi a kan fistin, wani ɗan kaso na iskar yakan sulale ta gefen ring ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake kwance. Can sai ya kwashi mai mai zafi ya zama tururi, kuma dole a ba shi ƙofar fita, in ba haka ba zai nemi tasa ta hanyar fasa sil. Tsofaffin manyan motocin da na koyi aiki a kansu, bututu ne kawai aka sako ƙasa, yana huci yana ɗiga a kan titi, na baya ya shaƙa. A farkon shekarun 1960 aka fara hana wannan a Amurka, a motocin fetur tukuna, masu gas suka biyo daga baya: aka lanƙwasa bututun ya koma cikin hanyar iska, inji ya haɗiye abinsa ya ƙona. A injin da fetur ke bi ta kan bawul kafin ya shiga, fetur ɗin yana wanke wurin kullum. Amma inda nozul ke fesa mai kai tsaye a kan fistin, babu abin da ke wanke hanyar iska. Tobo ya ƙara matsi, tururin ya ƙaru, ya bi ta cikinsa ya jiƙa bututu duka. Sannan ga wata ƙofa da ake kira EGR, mai dawo da wani kaso na hayaƙin salansa cikin inji. Baƙin hayaƙi ya tarar da mai a jiƙe, suka kama juna. Kwaltar ke nan.

Maganin da muka sa mata ɗan gwangwani ne, bai kai na madarar gari ba, mai tiyo biyu. Tururi ya shiga ta ɗaya, ya bugi raga a ciki, ya rage gudu, man ya taru ya sauka ƙasa, iska ta wuce ta ɗaya tiyon babu nauyi. A gindinsa akwai ɗan famfo. Nakan gaya wa masu mota gaskiya: gwangwanin nan ba ya gyara ring ɗin da ya cinye, kuma ba a ɗaura shi a manta da shi. Idan ya cika ba a zubar ba, inji zai zuƙe man gaba ɗaya, kuma injin gas yana iya kamawa da baƙin mansa ya yi ta gudu, ka zare makulli ya ƙi mutuwa. Na kuma ga wanda mai walda ya haɗa da siririn tiyo, ya toshe, matsi ya koma baya ya fasa sil a tsakiyar daji.

Yaron da muka kankare bututun da shi ɗan ƙanina ne. Uban direban kanta ne, yana ɗaukar buhuna zuwa Kaduna. A 2018, shekarar da aka kai wa ƙauyen Gwaska hari, aka tare su a hanya, shi da wasu matafiya, tsakanin nan da Buruku. Wasu an shiga da su daji an karɓi kuɗin fansa. Shi gawarsa aka kawo gida a bayan motarsa. Yaron yana da shekara tara. Ranar zaman makoki duk wanda ya shigo sai ya dafa kansa ya ce, a yi haƙuri, sai haƙuri. Ya kuwa yi. Bai yi kuka a gaban kowa ba, mutane suna ta yabonsa, ni ma na yaba. Shekara shida ban taɓa jin ya ambaci sunan ubansa ba. Aiki yake yi kamar babba, baya musu, baya dariya. Sai dai wata rana noti ya ƙi kwancuwa, na ga ya ɗaga sifana yana dukan ƙarfe har fatar hannunsa ta tsage, fuskarsa kuwa ko motsi.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin nan, aka yi sulhu da 'yan bindigar daji, aka buɗe kasuwar kara da ta daɗe a rufe. Ba zan ɓoye ba, na ci moriyar abin. Motoci sun dawo hanyar Kaduna, manoma sun koma gonakin da suka bari a bakin dajin Kamuku, garejina da ya koma wurin kwanan awaki ya sake cika. Amma ranar kasuwa mutum yakan ga fuskokin da bai sani ba, ya kasa hana zuciyarsa tambaya. Kuma kalmar da ake ta maimaita mana ita ce dai waccan ta ranar makoki.

Shi ne wata rana bayan sallar Isha'i na tsaya wajen malamin da muke ɗaukar karatu a zaurensa. Na ce, "Allah gafarta Malam, haɗiye fushin da Alƙur'ani ya yaba a Suratu Ali Imrana, shi ne mutum ya mayar da abin cikinsa ya yi shiru har ya mutu?"

Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce kalmar Larabcin da ke aya ta 134 asalinta daga salka ne, idan ta cika da ruwa aka ɗaure bakinta don kada ta zuba a hanya. Ya ce, "Ka taɓa ganin wanda ya ɗaure salka don ruwan ya ruɓe a ciki? Ana ɗaurewa ne har a kai inda za a sauke." Ya tuna mini Annabi Yaƙubu, wanda haƙurinsa ya zama abin misali, amma ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma a Suratu Yusuf an faɗi inda ya kai ƙarar baƙin cikinsa, wato wajen Ubangijinsa. Ya tuna mini Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, a gaban sahabbai.

Sai ya ƙara da abin da ban tambaya ba. Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 178, an ba magajin wanda aka kashe haƙƙi, kuma malaman fiƙihu sun yi bayaninsa: ƙisasi a hannun hukuma, ko diyya, ko yafiya. Hukuma tana da ikon tsayar da yaƙi don rayukan da suka rage, wannan aikinta ne kuma alheri ne. Yafe jinin wani mutum guda kuwa na magadansa ne, ba a yi musu shi a bayan idonsu, ba a kuma matsa musu su ce sun yi alhali ba su yi ba.

Na dawo gida ina jin nauyi, domin na gane laifina. Mu Hausawa muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma akwai gaskiya a ciki: wanda ke zubar da duk abin da ya taso masa a kan na kusa da shi, irin tsohuwar motar nan ce mai ɗiga a kan titi, kuma garin nan ya ga inda ramuwar gayya ke kaiwa, ƙauye ya ƙone ruga, ruga ta ƙone ƙauye. Ba na fatan yaron nan ya ɗauki bindiga, ko kusa. Amma abin da muka koya masa a madadin haka bai kai haƙurin da addini ya faɗa ba. Mun lanƙwasa masa bututu ya koma ciki, muka ga titi ya yi tsabta, muka ce ma sha Allah. Ni da nake hana masu mota barin gwangwani ya cika, ban taɓa zama na buɗe wa ɗan ƙanina ƙofar magana ba, don ni ma tsoron abin da zai fito nake yi. Na san mutum ba inji ba ne, ba shi da famfo a gindi, ba ka iya duba shi ka ce saura kwana kaza. Wannan ma shi ya sa sakacin ya fi muni.

Hilux ɗin ta dawo bayan wata biyu, tsakiyar damina, don canjin baƙin mai. Na ce wa yaron ya tara gora ya buɗe famfon. Abin da ya zubo ya kai rabin kofin shayi, mai haɗe da ruwa, launin kunun gyaɗa da ya kwana. Yana tsugune yana kallonsa, ni kuma ina goge hannu, sai na ji bakina yana cewa, "Babanka ba ya yarda kowa ya zuba wa motarsa mai sai shi da kansa. Ko ni yayansa, makanike, sai ya karɓe galan daga hannuna."

Bai ɗago ba. Can ya ce, "Baba, ranar da aka kawo shi, wa ya tuƙo motar?"

Na ce ni ne. Na jawo benci na zauna kusa da shi, na fara ba shi labari tun daga wayar da aka bugo mini da hantsi. Mai Hilux ya leƙo sau biyu, ya ga yadda muke, ya koma gindin bishiya ya jira.