Tabarmar La'asar da Shagona

Shekara shida ke nan ina sayar da maganin dabbobi da dusa da gishirin lasa a wani ɗan shago a unguwarmu, cikin Kano. Shekarar farko wuni nake ina korar ƙuda. Yayana ne ya ce min, "Kai, ba a sayen magani a hannun baƙon ido. Je ka zauna inda mutane suke zama." Inda suke zaman kuwa shi ne gindin darbejiyar ƙofar masallaci, bayan la'asar, kuma kusan kowa a wurin yana da ɗan rago ko tunkiya a ɗaure a bayan gida.

Na je, na zauna. Ban taɓa buɗe baki na ce a zo a saya ba. Idan wani ya ce tunkiyarsa tana ramewa, ga haɓarta ta kumbura, sai in ce ya buɗe fatar idonta ya duba. In ta yi fari fat, tsutsar ciki ce, musamman da damina. In ƙara masa da cewa kada ya ɗura mata albendazole in ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba. Kafin babbar Sallah ta zagayo, sai da na ɗauki yaron shago.

Abin ya fara ci mini rai ne wata rana da wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, Allah Ya biya ka, kana taimakonmu fisabilillahi." Na ce amin, amma na ji kamar an kama ni da hannu a cikin tukunya. Ni na san abin da ya kawo ni tabarmar nan. Tun muna makarantar dare muka haddace hadisin niyya, wanda Sayyidina Umar ya ruwaito, shi ne na farko a Buhari, shi ne na farko a Arba'una ta Nawawi. A ciki har an ambaci mai yin hijira don abin duniya ko don matar da zai aura. To ni fa, tawa hijirar daga shago zuwa gindin bishiya, don wa na yi ta?

Na kai wa malaminmu maganar. Ya yi murmushi, ya ce ai sahabbai sun riga ni jin wannan nauyin. Sun ƙyamaci ciniki a lokacin aikin Hajji, don kasuwannin Ukaz da Majanna da Zul-Majaz na zamanin jahiliyya ne, sai aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta sauka ta ɗauke musu laifi. Ya ce Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya raba abu biyu a littafinsa Al-Furuƙ. Mai zuwa Hajji yana fatauci, ko mai azumi yana neman lafiyar jiki, ya haɗa buƙata biyu ne, ba riya ya yi ba. Riya ita ce ka yi ibada don idon mutane, su gani su yabe ka. Gazali kuma a Ihya'u ya ɗora niyyoyin biyu a kan sikeli, ya ce ladan yana bin wadda ta rinjaya.

Na taso da sauƙi a zuciya, amma bai kai ni gida ba. Ɗan kasuwa ne ni, na san sikeli. Wannan dai ba a ganin allurarsa. Kuma tawa matsalar ta fi ta alhajin da ya dawo da akwatin dogayen riguna, domin shi bai sayar wa kowa da ɗawafinsa ba. Ni kuwa nasihar ita ce tallar. Yabon da Ƙarafi ya ce a guje masa, shi ne ainihin abin da ke kawo min ciniki.

Abin da na gano daga baya shi ne, a ranakun da gaskiya da riba suke tafiya tare, ba ni da hanyar sanin wacce nake bi. Sai ranar da suka raba hanya.

Ranar ta zo kwana goma kafin Sallah. Dattijon nan ne dai. Ragonsa ya ƙi cin abinci, cikinsa ya ɗaure. Tambaya biyu na yi na gane: ya janye masa harawa, ya cika masa kwano da dusa da masara don ya yi saurin ƙiba. Maganinsa a ɗauke hatsin, a mayar masa da harawa, a jiƙa masa ƴar kanwa a ruwa. Duk na faɗa masa. Sannan na ji bakina ya ƙara da cewa, "Baba, in an haɗa masa da allurar bitamin zai fi saurin miƙewa." Ba ƙarya ba ce tsagwaronta, allurar ba za ta cutar da shi ba. Amma ina da kwalabe huɗu da wa'adinsu ya kusa cika, kuma su na gani a idona lokacin da nake maganar, ba ragon ba. Ga shi na san hadisin da ya ɗora amana a wuyan wanda aka nemi shawararsa.

Washegari da hantsi ya zo shago, ya kwance bakin aljihu yana ƙirgo kuɗi tsofaffi. Na ce, "Baba, bar shi, ragon nan kanwar ma ta ishe shi." Ya dube ni ya ce, "Ka ga irin halin naka da nake faɗa wa mutane?" Kafin magariba ya turo min mutum uku.